Dalar da muke ciniki da ita, daga ina ta fito?

A shirinmu na wannan mako mun ɗauko kalma guda wadda kullum tana bakinmu, daga kasuwar Arzeke ta Faraku har kasuwar shanu ta Kolokonde kusa da Jugu. Kalmar ita ce dala. Kowa ya san dala guda sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500, jaka guda kuwa dala ɗari biyu. To amma sunan fa, wa ya raɗa shi?

Ku yi mamaki, asalinsa Jamusanci ne. Akwai wani kwari a ƙasar da yau ake kira Cek, inda aka tarar da azurfa mai yawa. Masu jin Jamusanci da suka zauna wurin suka sa masa suna Joachimsthal, wato Kwarin Yowakim, don Thal da harshensu kwari ke nan. Wajen 1520 aka fara buga manyan tsabobin azurfa a can, ana ce musu Joachimsthaler. Sunan ya yi wa baki tsawo, sai aka gutsure shi ya koma Taler. Mutanen Holan suka ce daalder, Turawan Ingila suka ce dollar, Amurka kuma ta kafa dokar buga kuɗinta da wannan suna a 1792. Kun ga ke nan dalarmu da dalar Amurka kakansu ɗaya.

Kada wannan ya ba ku mamaki da yawa, don Ingilishi da Jamusanci 'yan gida ɗaya ne. Fam ɗin da iyayenmu na Najeriya suka sani, pound ne a Ingilishi, Pfund a Jamusanci. Sule kuwa shilling ne da Schilling. Makiyaya, ga naku: Bajamushe yana ce wa dabbobin kiwo Vieh, ana faɗinsa "fi", kuma tushensa ɗaya da fee ta Ingilishi, wato kuɗin da ake biya na wani aiki. Su ma a can da, arzikin mutum garkensa ne, kamar yadda Bafulatani ke cewa jawdi, mu mu ce dukiya.

To yaya tsabar ta iso ƙasashenmu? Sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga Taler mai hotonta da wannan shekara a jiki, saboda 'yan kasuwa sun yarda da azurfarta. Nauyinta kamar giram 28 ne. Ayarin raƙuma suka ƙetaro Sahara da ita. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza dala guda da wuri 2,500. A zamanin nan fataken goro daga Kano da Sakkwato suna bin hanyar Borgu, su yada zango a Faraku da unguwar Wangara ta Jugu, kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Wuri ne kuɗin yau da kullum, azurfa kuwa ta manyan attajirai ce.

Da Turawa suka raba ƙasa, sai kalmar ma ta rabu. Faransa da Jamus suka shata iyakar Dahome da Togo a 1897, Faransa da Ingila suka raba Borgu a 1898. A ɓangaren Faransa, tsabar azurfa ta faran 5 mai giram 25 ta yi kama da tsohuwar dala, sai ta gaji sunan. A ɓangaren Ingila kuwa sule biyu aka riƙa kira dala. Aka kawo sefa a 1945, aka karya darajarta da rabi a Janairun 1994, sunan dai yana nan daram.

Ga inda abin ya shafi aljihunku. Dillali a Kolokonde in ya ce bijimi dala dubu arba'in, sefa 200,000 yake nufi. Baƙon da ya shigo ta Cikanda, wanda ya saba da naira, yana iya ɗauka sefa dubu arba'in ake nufi, ko kuma hankalinsa ya tafi kan kuɗin Amurka. Daga nan ake samun gardama bayan an riga an ce "Allah ya ba da riba". Don haka kafin a sallama, a tambaya: dala ko sefa? In dala ce, a ninka sau biyar. In akwai waya a hannu, a buga adadin kowa ya gani da idonsa, a gaban shaidu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kalmar zango. Wanda ke da tsohuwar tsabar azurfa ta gado a gida, muna so ya kira mu ya gaya mana shekarar da ke jikinta. Allah ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa.