Zare: murjanin kakata da tankin Kawu

1/ Kakata tana da wata sarƙar murjani da ta zo da ita daga Faskari ranar da aka kawo ta amarya. Kullum a ƙulle take cikin tsumma a ƙasan adaka. Tun tasowata na ɗauka murjani dutse ne. A hutun nan na gano ashe ƙashin dabba ne. Tankin kifi ne ya ja ni ga binciken. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Kawuna da ke aiki a Abuja ya sayi wani ƙaton tankin gilashi na hannu wajen wani da zai bar ƙasar. Lita 600, irin na ruwan gishiri da ake raya murjani da kifin teku a ciki. Ya turo shi gida Ƙanƙara, wai tunda ni ne ɗan jami'a mai karanta kimiyya, ni zan tada shi. Na ce "to Kawu". Wa ya isa ya yi musu?

3/ Kifayen da murjanin mai rai, tsohon mai shi ya rabar. Abin da ya iso mana: gilashi, famfo biyu, fitila, wata na'ura mai tada kumfa, da buhu uku na duwatsu masu ramuka. Ku riƙe maganar duwatsun nan, za mu dawo kansu.

4/ Mu fara da na kaka. Kalmar murjani daga Larabci take, marjan, kuma daga ita aka samu sunan Murjanatu. Jan murjanin da iyayenmu ke ado da shi a tekun Bahar Rum yake fitowa. Tun ƙarni na 16 'yan Genoa na Italiya ke kamun sa a Tabarka, gaɓar Tunisiya, har zuwa 1741 da Bey na Tunis ya ƙwace wurin.

5/ Daga tashoshi irin su Tarabulus, kayan ado ke hawa raƙumi, su bi ta Ghadames da Ghat da Agadas su sauka ƙasar Hausa. A ƙarni na 18 Katsina na cikin manyan masaukan ayarin nan. Bayan jihadi kasuwar ta karkata Kano, shi ya sa da Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851 ya tarar da yawancin cikin ganuwa babu mutane.

6/ Ba duk abin da ake kira murjani ne murjani ba fa. Turawa sun yi ta turo na gilashi mai kama da shi. Na gaskiya yana tashin ƙananan kumfa idan ruwan tsami ya taɓa shi, don sinadarinsa ɗaya da na alli. Na ce wa kaka in ɗiga lemun tsami a ƙwaya ɗaya mu gani. Kallon da ta yi min ya isa amsa.

7/ Abin mamaki, su ma masanan Turai sun daɗe ba su san mene ne shi ba. A 1706 Marsigli ya ga wasu fararen abubuwa suna buɗewa a jikin reshen murjani, ya ce furanni ne, don haka tsiro ne. A shekarun 1720 wani likitan Faransa, Peyssonnel, ya ce a'a, ƙananan dabbobi ne. Ba a yarda da shi ba sai bayan kusan shekara 25.

8/ To kun ga matacce ne ya tsallako Sahara, don ƙashi ba ya jin ƙishi. Mai rai kuwa, raba shi da teku ya ba mutane wahala fiye da shekara ɗari.

9/ A 1846 wata mata 'yar Ingila, Anna Thynne, ta kwaso murjani masu rai daga gaɓar Torquay ta kai gidanta a Landan. Da farko ruwan teku ake yi mata safara. Daga baya ta gano idan aka riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, iska na shiga, ruwan ya farfaɗo. Kusan shekara uku ta riƙe su da rai.

10/ Mai aikin gidanta ce ke wannan juye-juyen kullum, wajen rabin awa ko fiye. Wato famfo na farko a tarihin harkar nan baiwar Allah ce mai aikatau. Duk lokacin da aka ɗauke wuta a unguwarmu sai na tuna da ita.

11/ Daga nan abin ya zama yayi. An soke harajin gilashi a Ingila a 1845, gidan zu na Landan ya buɗe ɗakin kifi a 1853, Philip Henry Gosse ya fitar da littafi a 1854 wanda ya yaɗa kalmar akwariyam, har ya haɗa ruwan teku da hannu daga sinadarai. Amma a gidaje da yawa dabbobin mutuwa suke yi, ruwan ya yi wari, a zubar.

12/ Dalilin ga shi. Kashin kifi na sakin amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa. Sergei Winogradsky ne ya yi fice wajen gano su wajajen 1890. Tankin da ba su zauna a cikinsa ba, komai kyansa, kabari ne.

13/ A 1961 Lee Chin Eng, wani mai sha'awar kifi a Jakarta, ya bayyana dabararsa: a sa duwatsun da aka ciro daga teku da duk halittun da ke jikinsu, su za su tace ruwan. 'Yan ƙungiyar masu kiwon kifi a Berlin suka ƙara na'urar kumfa da fitila mai ƙarfi. A shekarun 1980 murjani mai ƙashi ya fara girma a falon mutane.

14/ Yanzu mu koma kan buhunan nan uku. Su ne dukiyar tankin, sun fi gilashin daraja. Ya kamata su zo a cikin ruwan gishiri, a rufe. Sai aka loda su a bushe a saman mota, suka sha rana daga Abuja har gida. Da na kwance buhun, warin ya kori kowa daga tsakar gida. Duk abin da tsohon mai shi ya yi shekaru yana rayawa ya mutu a hanya.

15/ Sauran lissafin ma ba daɗi. Ruwan teku na da kusan giram 35 na gishiri a lita ɗaya, lita 600 na cin kilo 21 kenan. Kuma gishirin miya ba ya yi, sai haɗin da ke da kalsiyam da magniziyam. Ruwan kaɗai ya haura kilo 600, tebur ɗin katako ba zai ɗauka ba. Teku mafi kusa da mu ya wuce kilomita 700.

16/ Babbar matsalar zafi ce. Murjanin wurare masu ɗumi na son digiri 24 zuwa 27. A jikinsa akwai ƙananan tsirrai da ke ciyar da shi da hasken rana. In zafi ya ɗan haura na makonni sai ya kore su, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998 da 2016. Mu kuwa a Afrilu muna taɓa 40.

17/ Wani ɗan ajinmu daga Sabuwa ya ce in riƙa jefa robar ƙanƙara a ciki, ai garin ma sunansa Ƙanƙara. Ya fi ni dariya, amma masu harkar na yin hakan in ta ɓaci.

18/ Na kira tsohon mai tankin na tambaye shi ko ya taɓa sa maganin kifi mai sinadarin tagulla, don yana maƙalewa a duwatsu kuma yana kashe murjani. Ya ce bai taɓa ba. Na cika tankin da ruwan rijiya don gwada gam ɗin kusurwoyi. Kwana shida yau, ba ɗigo.

19/ Jiya na gaya wa Kawu gaskiya: bana ba murjani. Duwatsun za su yi makonni a durom da ruwan gishiri da famfo, da tataccen ruwa daga gidan ruwan leda, har bakteriya su dawo. In sola ta riƙe famfon har bazara ta wuce, sai mu yi maganar kifi biyu. Ya yi shiru, ya ce "kai da na tura boko".

20/ Kaka ta leƙo da yamma ta ga tankin cike da ruwa ba komai a ciki. Na nuna mata bidiyon jan murjani mai rai, fararen hannuwansa na motsi. Ta daɗe tana kallo, ta ce in mayar mata baya ta sake gani. Daga nan ta shiga ɗaki, na ji ƙarar buɗe adaka.