Bayan Digirin Digirgir, Sai Masauki

Ƙofar Kaura ce mafitar Katsina zuwa Kano, kuma ta nan matashin da ya kammala digirin digirgir kan bi idan wata jami'a a ƙetare ta ba shi gurbin bincike na shekara biyu ko uku. Mota ta kai shi Kano, jirgi ya ɗauke shi daga filin Malam Aminu Kano. Ana ɗaukar wannan zango na bayan digiri na uku baƙon abu ne da boko ya kawo, alhali Katsina ta san matsalar da ya zo warwarewa tun da daɗewa. Malami ya gama karɓa daga malamansa, bai kai ga kafa zaurensa ba. Wa zai riƙe shi har iliminsa ya nuna?

A ƙarni na 16 Katsina ce mai ba da amsa. Ahmad Baba na Timbuktu ya kawo tarihin Aida Ahmad al-Tazakhti, wanda ya haɗu da al-Maghili a Takedda, ya yi karatu a Masar, ya yi hajji, sannan da ya juyo yamma ya zauna a Katsina. Sarki ya girmama shi, ya naɗa shi alƙali, kuma a nan ya rasu wajen 1529. Birnin ya sami gogaggen malamin da wasu ƙasashe suka horar, abin da ya biya kuwa masauki ne da muƙami.

Bayan shekara ɗari biyu sai hanyar ta juya. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi ya yi karatu a wajen malaman wannan yanki, ciki har da Muhammad al-Wali na Bagirmi, kafin ya tafi hajji. Daga Makka bai komo gida ba, Alƙahira ya nufa. A can ya kammala manyan littattafansa a farkon shekarun 1730, wato al-Durr al-Manzum da Bahjat al-Afaq, waɗanda suka shafi ilimin taurari, haruffa da hatimi. Masu tarihin lissafi na yau sun fi kula da hatimin, domin a ciki ya bayyana hanyoyin jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya.

Inda ya zauna ya fi muhimmanci ga mai tsara makomarsa. Al-Kashnawi ya sami kusanci da Hasan al-Jabarti, malamin Azhar masanin fiƙihu da falaki, mai gida buɗe ga masu ilimi da tarin littattafai. Ba ciyar da baƙo kawai aka yi ba, domin mai gidan ya karanci ilimin hatimi a wajensa. A gidan ya rasu a 1741, kuma ga Hasan ya bar amanar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa sunan Bakatsinen cikin littafinsa Aja'ib al-Athar. Masaukin da ya zaɓa ya ba shi ɗaki da littattafai da abokin nazari, ya kuma ba shi wanda zai ambace shi bayan ransa.

Abin da Amurka ta yi a 1919, lokacin da majalisar bincikenta ta ƙasa ta fara ba sababbin daktocin fiziya da kimiyyar sinadarai tallafi da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, shi ne mayar da wannan alheri na mutum ɗaya ya zama tsari, da wa'adi da albashi da gasar neman gurbi.

A jami'o'in Najeriya zangon bai kafu sosai ba. Sabon dakta kan shiga aji kai tsaye, ya tarar da ɗaruruwan takardun jarrabawa da ɗalibai masu jiran duba kundi, ƙarin girma kuma na neman maƙalu. Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya kammala kundinsa kan sauyin Katsina daga 1796 zuwa 1903 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, littafin bai fito ba sai 1981. Shi kuwa ya ci sa'a, don ya tarar da Abdullahi Smith da tarin rubuce-rubucen da shirin binciken tarihin Arewa ya tattara a Zariya tun daga 1964, wato yana da masauki a gida.

Asusun TETFund ya biya wa malamai da yawa kuɗin digiri na uku a gida da waje, kuma Katsina na da jami'ar jiha tun 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Daktoci sun yawaita. Wanda ya dawo da kundinsa a jaka yana da shekaru kaɗan kafin binciken ya tsufa, kuma a cikinsu ne zai sami babban malami mai ɗakin gwaji ko taskar littattafai da zai karɓe shi, ko a Zariya, ko a Kano, ko a wajen ƙasa.