Daga Kayan Sana'a Zuwa Kayan Tarihi: Tarawa da Gyaran Tsofaffin Kekunan Ɗinki Masu Lantarki

1. Gabatarwa

A ƙasashen Amurka, Ingila, Faransa da Jamus akwai jama'a da dama da suka mai da neman tsofaffin kekunan ɗinki abin sha'awarsu. Sukan saye su a kasuwar gwanjo ko wajen magada, su kwance su, su wanke, su sabunta wayoyinsu, sannan su jera su a ɗaki ko su ci gaba da ɗinki da su. Kaso mai yawa na waɗannan kekuna masu aiki da lantarki ne, waɗanda aka ƙera tsakanin 1920 da 1970. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram yana iya yin mamaki, domin baƙin keken nan mai zanen ruwan zinariya da ake lallaɓawa can a matsayin kayan tarihi, irinsa ne tela ke takawa a bakin kasuwa.

A cikin wannan maƙala za mu duba abu biyu. Na farko, yaushe ne kuma ta wace hanya kayan sana'a suka koma kayan tarawa. Na biyu, me gyara ke adanawa, me kuma yake shafewa. Ra'ayinmu shi ne, injin lantarki da wayoyin da ke jikin keke su ne suka fi ɗauke da labarin inda keken ya zauna, su ne kuma mai gyara ya fi saurin cirewa ya yar.

2. Keke kafin lantarki

A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar keke mai ɗinki da zare ɗaya. An kafa irinsa wajen 80 a Paris don ɗinkin kakin soja, amma a 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka auka wa wurin suka farfasa su, saboda tsoron rasa abinci. A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar ɗinki mai zare biyu a 1846, wato allura mai ido kusa da tsini tana kai zaren sama, ƙoshiya kuma tana sarƙe shi da na ƙasa. Isaac Singer ya biyo baya da nasa keken a 1851. Bayan shari'o'i masu yawa, manyan kamfanonin suka haɗa haƙƙoƙinsu na ƙira wuri guda a 1856, yarjejeniyar da ta kai har 1877.

Abin da ya ɗaga kamfanin Singer sama da sauran ya fi alaƙa da ciniki. Tun 1856 abokin kasuwancinsa Edward Clark ya shigo da sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, aka kuma buɗe kantuna masu koyar da ɗinki da yin gyara. An gina babbar masana'anta a Elizabethport ta jihar New Jersey a 1873, da wata a Clydebank kusa da Gilasgo a ƙasar Sikotland, wadda aka kammala a 1885. A 1879 ne aka fito da ƙirar da daga baya ta zama samfuri mai lamba 15, wanda za mu sake komawa kansa. Duk waɗannan kekuna da hannu ake juya su, ko a taka da ƙafa.

3. Shigowar lantarki

Singer ya fito da keke mai lantarki a 1889, sai dai gidajen da ke da wuta a wancan zamani ƴan ƙalilan ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne abin ya kankama, inda a 1921 aka fara sayar da samfuri 99 da inji, cikin akwatin katako da ake iya ɗauka. Ko a 1935, gona ɗaya ce kawai cikin goma ke da lantarki a Amurka, don haka keken ƙafa bai gushe ba a karkara.

A nan ya kamata mu bambanta hanyoyi biyu da aka bi wajen haɗa inji da keke, domin a kansu sauran bayaninmu ya dogara. Hanya ta farko ita ce a ɗaure ƙaramin inji da ƙusa guda a jikin keken, ƙarƙashin ƙafar juyawa, a haɗa su da bel. Wurin da ake ɗaure injin shi ne dai wurin da ake ɗaure abin juyawa da hannu. Ke nan kan keke ɗaya yana iya aiki da hannu, ko da ƙafa, ko da wuta, gwargwadon abin da mai shi ya samu. Hanya ta biyu ita ce a gina injin a cikin ƙirar keken tun daga masana'anta. Haka aka yi wa samfuri 15-91 da 201-2 na shekarun 1930, waɗanda injinsu ke juya keken ta haƙora kai tsaye ba tare da bel ba. A wannan rukuni muke sanya Featherweight 221, wanda aka nuna a baje-kolin duniya na Shikago a 1933, mai jikin alminiyum da nauyin kilo 5 kacal, da kuma koren Elna na farko da kamfanin Tavaro ya fitar a Janeba a 1940. Keke irin wannan, in babu wuta, sai dai a rufe shi da ƙyalle.

4. Yadda suka zama kayan tarawa

Bayan 1945 kasuwar ta sauya. Masana'antun Japan sun ɗauki ƙirar samfuri 15, wadda haƙƙinta ya riga ya ƙare, suka daidaita ma'aunin sassanta a tsakaninsu, suka cika duniya da kekuna masu araha. Kamfanonin Turai irin su Necchi, Pfaff, Bernina da Elna kuma suka shigo da kekunan gida masu ɗinkin zigzag. Don rage tsada da nauyi, daga shekarun 1960 aka riƙa sa haƙoran nailan a madadin na ƙarfe, waɗanda kan tsage idan sun tsufa. A 1975 Singer ya fito da Athena 2000, mai zaɓen ɗinki ta hanyar na'urar lantarki ta zamani. A daidai wannan lokaci tufafin kanti sun yi arha, ɗinkin gida ya ja baya. Aka rufe masana'antar Clydebank a 1980, ta Elizabethport a 1982.

Shekara uku bayan haka, a 1985, aka kafa ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki ta duniya, ISMACS, a Ingila. Muna ganin wannan jerin shekaru ba katari ba ne. Muddin masana'anta na aiki, kanti na sayar da kayan gyara, tsohon keke tsohon keke ne kawai, har kamfanin kan karɓe shi a rage wa mai shi kuɗin sabo. Sai da ƙirar ta yanke ne aka fara kallonsa a matsayin abin da ba zai ƙaru ba.

Akwai kuma dalili na biyu. Daga wajen 1976 sana'ar haɗa bargo da guntayen yadi ta farfaɗo a tsakanin matan Amurka, kuma suna bukatar keke marar nauyi, mai miƙaƙƙen ɗinki, da za su ɗauka zuwa wurin taro. Featherweight ya dace da wannan bukata, littafin da Nancy Johnson-Srebro ta wallafa a kansa a 1992 kuma ya ƙara masa farin jini da tsada. Da intanet ta bazu, ciniki da musayar sani suka tsallake iyakoki. Saboda haka masu tarawar sun kasu biyu: masu son keke ya zauna yadda ya fito daga masana'anta, da masu son ya yi ɗinki.

Abin da ya sauƙaƙa wa ɓangarorin biyu aiki shi ne rajistar kamfanin. Kowane keken Singer yana da lamba a jikin gindinsa, kuma littattafan kamfanin sun nuna ranar da aka ware kowane rukunin lambobi, da samfurin, da yawansa. Lura dai, ranar ware lamba ce, ba ranar da aka gama ƙera keken ba. Harafin da ke bin lambar samfuri kuma yana nuna masana'anta: K na Clydebank, B na Bonnières a Faransa, G na Jamus, M na Monza a Italiya, J na Kanada.

5. Abin da gyara ke adanawa da abin da yake shafewa

Ɓangaren ƙarfe na waɗannan kekuna ba ya cika ba da wahala. Galibi abin da ke daskarar da su tsohon mai ne da ya bushe ya zama kamar ƙaro, sai a jiƙa da kananzir, a goge, a sa sabon mai. Allurar da suke amfani da ita, mai lamba 130/705, da kwarkwaron samfuri 15, har yanzu ana ƙera su. Fentin ne ke son hattara: baƙin fenti ne da aka gasa, aka liƙa zanen zinariya a kansa, aka shafe da wani siririn ƙaro mai sheƙi. Alkol yana narkar da wannan ƙaro, ruwan sabulu mai ƙarfi kuma kan mai da zinariyar fara. Garin neman gira akan rasa ido.

Ɓangaren lantarki kuwa dole ne a taɓa shi. Robar da ke rufe tsofaffin wayoyi kan bushe ta farfashe, kuma da yake jikin keken ƙarfe ne, yawancinsu ba su da wayar da ke kai wuta ƙasa, mai ɗinki na iya gamuwa da jan wuta. Ƴan sandunan gawayin da ke cikin inji suna cinyewa. Matakin da ke daidaita gudu kan yi zafi. Ƙaramin kondansatan da aka sa wa kekunan Turai don kada su dami rediyo, idan ya lalace, keken na iya tashi da gudu shi kaɗai. Babu mai hankalin da zai ce a bar wannan haɗari saboda son tarihi.

To amma a nan matsalar masanin tarihi take. Lambar gindin keke tana faɗin inda aka haife shi ne kawai. Inda ya yi rayuwa kuwa, a jikin inji ake karanta shi. Ƙaramin allon da ke maƙale da injin yana nuna ƙarfin wutar da aka yi shi dominta: 110 a Amurka, 110 ko 220 a Faransa kafin a daidaita wutarta, ma'auni iri-iri a garuruwan Ingila kafin a haɗa su a layi ɗaya. Keken 1910 da ke ɗauke da injin 1950 yana shaida lokacin da wuta ta iso gidan, ko lokacin da mai shi ya sami halin saye. Filogi, fitilar da aka ƙara, tambarin kantin da ya yi gyara, har da gurbin da hannu ya cinye a fenti, duk shaidu ne. Mai gyaran da ke son keke ya koma sabo fil yakan cire baƙon injin ya nemo "na asali", ya sake fenti, ya liƙa sabon zane. Abin da ya rage kyakkyawan keke ne da ba ya ba da labarin kowa sai na kamfanin. Gidajen adana kayan tarihi, irin na ƙaramar hukumar West Dunbartonshire da ke riƙe da tarin kekuna da takardun Clydebank, suna bin wata ƙa'ida dabam: kada a yi gyaran da ba a iya warwarewa, a rubuta duk abin da aka taɓa, a ajiye abin da aka cire.

6. Keke ɗaya, matsayi biyu

Bambancin da muka yi a sashe na 3 shi ne ke bayyana abin da muke gani a ƙasarmu. Keken da ya mamaye shagunan teloli daga Tawa zuwa Damagaram, da Katsina da Kano, jikan samfuri 15 ne, ko da sunan da ke jikinsa Butterfly ne na ƙasar Sin. Ya yaɗu ne saboda ba ya tilasta wa mai shi lantarki. An kafa NIGELEC a 1968, layin wuta daga Nijeriya ya iso Yamai a 1976, amma a 2022 kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a Nijar. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, telan da ya ɗaura inji bai kwance bel ɗin ƙafa ba shi ne bai rasa hanyar cika alkawarin masu kaya ba. Kekunan da masu tarawa ke tsadantawa a Amurka, masu inji a ciki da wutar 110, ba su da wannan sassauci, kuma wutarmu ta 220 tana ƙona injinsu in ba a sa taransifoma ba.

Ashe ke nan ba shekaru ke mai da keke kayan tarihi ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko akwai sauran mai cin abinci da shi, da makanikin da ya san cikinsa, da kasuwar da ke sayar da ƙoshiyarsa. A nan duka ukun suna nan.

7. Kammalawa

Mun ga cewa tara tsofaffin kekuna masu lantarki ya samo asali ne daga rufewar masana'antu a wajajen 1980, kuma gyaran da ke ceton keke daga tsatsa yana iya raba shi da shaidunsa. Darasin da ke ciki gare mu na hanyar bincike ne. Kekunan da ke cikin shagunanmu da ɗakunan iyayenmu mata, waɗanda wasu da kayan aure suka zo, wasu da guzurin aikin hajji ko na ci-rani, kowanne yana da lamba, wasu da injin da aka ƙara daga baya, akasari kuma mai shi yana nan da ransa. Ɗalibin da ya ɗauki unguwa guda, ya rubuta suna da lambar kowane keke, da abin da ke allon injinsa, sannan ya tambayi wa ya saya, a ina, da wane kuɗi, a wace shekara aka sa masa wuta, zai samar da tushen tarihin sana'ar ɗinki, da na fatauci, da na shigowar lantarki, wanda takardun gwamnati ba su ƙunsa ba. Wannan aiki yana da wa'adi, domin tsofaffin teloli suna ƙarewa, masu sayen ƙarafa a kilo kuma suna zagaya unguwanni kullum.