Ɗimuwa a Sashen Kulawa ta Musamman: Wa Ya Fi Shiga Haɗari?

Ɗimuwa rikicewar hankali ce da ke auka wa majinyaci cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana tafiya tana dawowa. Ba hauka ba ce, ba kuma shafar iska ba. Alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa ta jigata. Ta fi yawa ga waɗanda aka sa wa na'urar taimaka wa numfashi aka kuma kwantar da su da magani. A 2001, binciken da Dakta Wesley Ely na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya jagoranta ya same ta ga kusan takwas cikin goma na irin waɗannan majinyata.

Wani yakan yi ta sambatu yana fizge robar ƙarin ruwa. Wani kuwa shiru zai yi, ido a buɗe, ba ya gane kowa. Wannan na biyun shi aka fi kuskurewa, domin dangi kan ɗauka sauƙi ne ya samu.

Akwai abubuwan da majinyaci ke zuwa da su: tsufa, tsohon ciwon mantuwa, doguwar suma, mummunan rauni ko tiyatar gaggawa. A arewacin Zamfara waɗannan sukan haɗu a kan mutum guda. Wanda aka harba a Gurbin Bore, ko mota ta kife da shi a hanyar Zurmi ko Shinkafi, sai ya bi ta Kaura Namoda kafin ya kai Gusau, wani lokaci har a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kafin nan ya zubar da jini, jikinsa ya bushe, ƙila raunin ma ya harbu.

Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne maganin kwantarwar kansa. Dangin dayazifam, irin su midazolam da lorazifam, suna ƙara haɗarin, musamman idan aka zurfafa barcin kwana da kwanaki. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka na 2018 suka fifita barci mara nauyi da furofofol ko desmedetomidin. Amma dayazifam ya fi araha, kuma mai ciwon sarƙewar haƙora da wuya a raba shi da shi. Nan sai dai likita ya auna.

Sai wanda ya saba da giya, tiramol ko kodin, wanda yankewarsu kwatsam kan rikita shi. Kunya kan sa dangi su ɓoye wannan, alhali shi ne bayanin da likita ya fi buƙata.

Rashin barci, zafin ciwo da ɗaure hannuwa suna ƙara dagula lamarin. Ɗimuwa tana da alaƙa da daɗewa a kan na'ura, wasu kuma kan yi watanni bayan sallama suna fama da mantuwa. Mai jinya yana iya rage wani abu: ya kira majinyacin da sunansa, ya gaya masa rana da inda yake, ya mayar masa da tabaransa.