Baƙo da Shaidar Takarda: Nazari a Kan Neman Gidan Haya a Birnin Barlin

Tsakure

Wannan maƙala tana duba halin da baƙo yake shiga idan ya sauka Barlin, babban birnin Jamus, yana neman wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Da'awarta ita ce rashin shaida ya fi tsadar haya cutar da shi, domin dokokin da aka shimfiɗa don kare wanda ya riga ya shiga gida su ne suka sa masu gidaje suke tsananta bincike a bakin ƙofa.

Asalin ƙuncin

Barlin gari ne na 'yan haya, fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajensa haya ake ba da su. Bayan haɗewar Jamus a 1990 an yi zamanin yalwa, ɗakuna a fili, kuɗi kaɗan, har hukumar birnin, da bashi ya yi mata katutu, ta sayar da kamfaninta na GSW mai gidaje kimanin 65,000 a shekarar 2004 a kan Yuro miliyan 405. Da jama'a suka yi ta kwararowa daga baya, gini kuwa bai cim ma buƙata ba, sai al'amari ya juye. An kafa dokar birkin haya a 2015, wadda ta hana a ɗora wa sabon ɗan haya fiye da kashi 10 a kan abin da aka saba biya a unguwa; hukumar birnin ta gwada daskarar da haya ɗungurungum a 2020, amma Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta rushe dokar daskarewar a watan Afrilun 2021, bisa hujjar cewa hurumin tarayya ne.

Mas'alar shaida

A shari'ar Jamus, ijara idan ta ƙullu ba tare da wa'adi ba, warware ta daga ɓangaren mai gida abu ne mawuyaci, sai da dalili karɓaɓɓe, kamar taruwar bashin haya ko buƙatarsa ta zama a ciki da kansa. Kuma jinginar da zai karɓa ba za ta wuce hayar wata uku ba. Wannan adalci ne abin yabo, ban kuwa ga aibinsa ba. Sai dai wanda ya san ba zai iya fitarwa ba, lalle zai yi taka-tsantsan wajen shigarwa. Don haka ranar duba gida za ka tarar da mutane sun yi layi a kan matakala, kowa rungume da fayil: takardun albashin wata uku, wasiƙar tsohon mai gida mai tabbatar da ba a binsa ko sisi, da rahoton Schufa, wato kamfanin da tun 1927 yake tattara tarihin biyan bashin mutane. Rahoton nan ya zama tamkar tazkiyyar da alƙali ke nema kafin ya karɓi shaidar mutum, baƙo kuwa, ko da ya fi kowa riƙon amana a ƙasarsu, shafinsa fari ne fat.

Daga nan sai abin da malaman manɗiƙi suke kira dauru, wato abu biyu kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Doka ta wajabta wa mai sabon zama ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14, kuma tun Nuwamban 2015 ba a karɓar rajistar sai da sa hannun wanda ya ba shi masauki. Sai an yi rajista lambar haraji take zuwa, ta gidan waya, ɗan aike kuma sunan da ke jikin akwatin wasiƙa yake bi, in babu sunanka ya koma da ita. Aiki da albashi suna son adireshi, adireshi yana son takardar albashi. Mafita ɗaya da yawancin baƙi suke samu ita ce ɗakunan wucin gadi masu kayan ɗaki, inda birkin haya yake da rauni, ga tsada mai karya ƙashin baya, wani lokaci ma mai ɗakin ya ce kada a yi rajista da adireshinsa. Wanda ya dace da gida na dindindin kuma, sau da yawa yakan same shi wayam, ba murhu ba kabad, wayoyin lantarki suna reto daga rufi.

Akwai kuma abin da takarda ba ta maganinsa. A 2017 'yan jaridar Bayerischer Rundfunk da Spiegel sun aika da wasiƙun neman gida kusan 20,000 masu lafazi iri ɗaya, sunaye kaɗai suka bambanta, sai ya bayyana cewa masu sunayen Larabawa da Turkawa sun fi ƙarancin samun amsa, musamman maza, alhali dokar haramta wariya tana nan tun 2006. Wannan ya fi komai ciwo a ganina, domin wanda aka yi wa shiru ba shi da hujjar da zai kai gaban alƙali. Wasiƙarsa ce kawai ta tafi, ya yi ta duba waya har mako ya zagayo, ya sake rubuta wata.