Taliya da Kifi: Tarihin Kano a Cikin Kwanon Bakin Titi

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, cike yake da yaƙe-yaƙe da ginin ganuwa da naɗe-naɗen sarauta. Jefi-jefi yakan taɓo abin sa wa a baka, kamar inda ya ambaci shigowar goro, da zamanin da Asbinawa suka zo gishiri ya yalwata a ƙasar Hausa, amma ko waɗannan sun samu shiga ne domin hajar manyan fatake ce. Abin da talaka ya ci ya kwanta bai dami marubucin ba. Mai neman wannan ɓangare na tarihi tilas ya nemi wasu shaidun, kuma a ganina da wuya a samu shaidar da ta kai kwanon abincin bakin titi faɗin gaskiya, domin mai sayar da abinci tana dafa abin da hanya ta kawo ne, a kan kuɗin da aljihun mai saye zai iya ɗauka. Na ɗauki taliya da kifi, waɗanda duk mai yawon dare a Fagge ko Sabon Gari ko Ƙofar Wambai zai tarar da su cikin kasko. Idan aka bi sawunsu, za a ga cikin shekara ɗari da 'yan kai cimar Kano ta bar zuwa daga arewa da gabas, ta koma zuwa daga bakin teku.

Mu fara da alkama, uwar taliya. Sunanta kaɗai ya isa ya tona asalinta, domin daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro alkubus da alkaki da gurasa. Kalmomin nan a bayan raƙumi suka shigo, tare da fataken Gadamas da Tarabulus waɗanda suka zauna a cikin birni har aka samu unguwar Dandalin Turawa, tun lokacin da kalmar Bature take nufin Balarabe. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya iske su da gidajensu da barorinsu da irin cimarsu. Alkama ba ta jure zafin damina, don haka da hunturu ake noma ta a fadamu, ana ba ta ruwa da jigo. Wahalar nan ta sa ta yi tsada, tsadar kuma ta ba ta daraja. Gero da dawa su ne na yau da gobe, alkama kuwa sai ranar salla, sai garar amarya, sai saukar babban baƙo. Har yanzu idan aka ga alkaki cikin fanteka an san akwai dalili.

Sunan taliya kuwa bayani biyu ake yi a kansa. Wasu na cewa daga Italiya ne, tunda Italiyawa sun mamaye Tarabulus a 1911 kuma sun shahara da wannan abinci. Wasu na danganta shi da tsohuwar kalmar Larabci itriyya, busasshen zaren fulawa da masanin ƙasa al-Idrisi ya ce ana yi da yawa a tsibirin Sisili ana kai wa ƙasashen Musulmi, a littafin da ya kammala a 1154. Ni na fi karkata ga bayani na biyu, saboda dalilin lokaci. Shekarar da Italiyawa suka sauka Tarabulus ita ce shekarar da layin dogo ya iso Kano, kuma daga nan ayarin Sahara ya fara mutuwar tsaye. Da wuya a ce hanyar da ke kan gargara ita ce ta kawo sabon abinci har ya samu gindin zama. Ko ma wanne aka ɗauka, duk biyun arewa suke nunawa.

Jirgin ƙasa ya tafi da gyaɗa da fatu, ya dawo da fulawar kanti. Da farko burodi abincin ma'aikatan dogo ne da sojoji da mazauna Sabon Gari, sannu a hankali ya ratsa ganuwa. A 1962 kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar ƙetare a Apapa, daga baya aka kafa injin niƙa a Bompai. Da kuɗin man fetur suka ɓarke a shekarun 1970, fulawa ta yi arha har ta sauko daga kwanon mai sarauta zuwa na ɗan dako. A wannan yanayi ne taliya 'yar murji ta zama sana'ar matan cikin gida. A kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, a murza ta a ƙaramin injin hannu, a shanya zaren a igiya kamar wanki, in ta bushe a naɗe, yarinya ta ɗauka a faranti ko a dafa a ƙofar gida. Wanda bai taɓa cin ta da zafinta ba, da soyayyen manja ko man gyaɗa, da yajin ƙuli da ɗan wake a gefe, bai san abin da taliyar leda ta rasa ba. Tana da danƙo da ƙamshin fulawa wanda ta kamfani ba ta da shi, kuma tana riƙe mai ba ta bari ya kwanta a gindin kwano. Mata da yawa da ke cikin kulle da wannan injin suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sai dai mu lura da abin da ya faru: suna na da ne, hannu na gida ne, amma fulawar a jirgin ruwa ta zo.

Hukuma ta ga haɗarin, ta yunƙura ta noma alkamar a gida. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga domin shayar da filayen Kadawa. Aka yi Bakolori a ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Aka shimfiɗa wani gagarumin aikin ban ruwa a kudancin Tafkin Chadi, kafin a ci moriyarsa tafkin ya janye ya bar hanyoyin ruwan a bushe. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan lamarin, suka kira shi tarko: an saba wa birane da abincin da ƙasar ba ta iya nomawa da yawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi tsada, fasa-ƙwaurin fulawa ya bunƙasa ta kan iyakoki, a 1992 aka ɗage hanin. Har yau miliyoyin tan ake shigowa da su duk shekara, abin da ake nomawa a gida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

A nan ne labarin alkama ya haɗu da na kifi, haɗuwar da ba a cika ambata ba. Ruwan da aka tare a Tiga, da wanda aka ƙara tarewa a Challawa a 1992, shi ne a da yake gangarawa ya malale fadamun Haɗeja da Nguru duk damina. A cikin wannan ambaliya kifi ke hayayyafa, in ruwa ya janye masunta su kwasa, manomi ya shuka, makiyayi ya biyo baya. Da aka daidaita gudun kogin, ambaliyar ta ragu, ciyawar kacala ta toshe magudanai. Masanan tattalin arziki da suka auna abin a shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan ya fi amfani idan an bar shi ya malale fadama fiye da idan an juya shi gonakin ban ruwa. Ashe garin neman gira an taɓa ido.

Kifin Kano na asali duk na ruwan daɗi ne: tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da kurungu, da giwan ruwa wanda kan fi ƙaton mutum nauyi. Yana zuwa daga Haɗeja da Wudil, daga Yawuri da ƙasar Kabi inda bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu. Amma babbar taska ita ce Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Tunda ɗanyen kifi ba ya jure tafiyar kwanaki a zafin Borno, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa a ƙyafe da hayaƙi, shi ne banda. Kasuwar Doron Baga ta zama cibiyarsa, motoci na lodi zuwa Maiduguri da Kano har Onica, kuma Hausawa masunta da dillalai da yawa sun ƙaura can sun zauna a tsibirai. Banda mai kyau, wadda ƙwaro bai taɓa ba, in ta sha wanki da ruwan zafi ta shiga miyar kuka ko ta ɗanyar kuɓewa da daddawa, ba na jin akwai naman da zai ja da ita. Farin 1973 ya raba tafkin gida biyu, na tsakiyar shekarun 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Duk da haka su bai mutu ba, masunta sun riƙa bin ruwa duk inda ya koma. Abin da fari ya kasa yi, yaƙi ya kusa yin sa: a watan Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga, mutane suka watse, hukumomin tsaro a Najeriya da jihar Diffa ta Nijar suka taƙaita cinikin kifi na tsawon shekaru don toshe wa mayaƙan hanyar samun kuɗi.

Giɓin da kifin gabas ya bari, na teku ne ya cike shi, kuma ya daɗe yana jiran ƙofa. Tun 1957 wani ɗan kasuwa, Michael Ibru, ya fara shigo da daskararren kifi Ikko, mutane suna ƙyamarsa suna kiransa kifin mutuware. Yau kifin ƙanƙara shi ne kifin talaka a Kano, birnin da ke nesa da teku da kusan kilomita dubu. Wanda ake kira Titus a ruwan arewacin Turai ake kama shi. Shi ne za ka gani da magariba jere a tire, an soya shi ya yi ƙaraf, an barbaɗe da yaji, ga yankakkiyar albasa, ana naɗe wa mai saye a takarda. Kuma gaskiya a faɗe ta, yana da mai da zaƙi, ga ƙarancin ƙaya. A Sabon Gari kuma akwai kirefish daga gaɓar Akwa Ibom da busasshen kifin Nowe, waɗanda 'yan kudu suka zo da su, matan Hausawa suka ara a hankali. Tarwaɗar da ake gasawa da daddare kuwa mafi yawanta a tankin siminti ta girma, ba ta taɓa ganin kogi ba.

Sauran baƙo na ƙarshe, wanda ya fi kowa yin nisa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta riƙa tura rarar alkamarta Japan, hukuma na kwaɗaitar da mutane cin burodi. Wani mutum mai suna Momofuku Ando ya ga cewa Japanawa taliya suka sani, ya duƙufa a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa kusa da Osaka, har a 1958 ya gano cewa idan aka turara taliya aka tsoma ta cikin tafasasshen mai, ruwan jikinta zai fice ya bar ƙananan ƙofofi, ta yadda ruwan zafi zai dafa ta cikin 'yan mintoci. Dabarar ta ƙetara Indunusiya, ƙasar da ita ma ba ta noma alkama, inda aka fito da Indomie a 1972. Kamfanin Tolaram ya fara shigo da ita Najeriya a 1988, ana tsakiyar hanin alkama, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun, daga baya Fatakwal da Kaduna. Wani abin dariya a nan shi ne man ja da ake soya ta da shi: bishiyar kwakwar manja 'yar Afirka ta Yamma ce, a 1848 aka dasa 'ya'yanta huɗu a lambun Bogor na tsibirin Jawa, daga baya Indunusiya ta zama kan gaba a duniya wajen noman ta.

Kano ba ta karɓi wannan baƙo yadda ya zo ba. A ƙasashen Asiya da romonta aka fi sanin irin wannan taliya, mai shayi kuwa sai ya tsane ruwan, ya yanka attaruhu da albasa da tumatir, ya soya ƙwai ya kifa a kai, wani ma ya fasa ƙwan a ciki ya juya. Mai hali ya aika yaro ya sayo masa kifi a tiren da ke gefe. Teburin mai shayi ya riga Indomie zuwa da shekaru, da shayi da burodi ya kafu, amma ita ce ta mai da shi wurin cin abincin dare na ɗan kasuwa da ɗalibi da direban a-daidaita-sahu da duk wanda ba a ajiye masa tuwo a gida ba. Saurinta ya dace da rayuwar da babu lokacin jiran wake ya nuna, kuma risho ɗaya ya ishe ta.

Farashin wannan kwano a yanzu a wurare masu nisa ake yanka shi. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, buhun fulawa ya tashi a kasuwar Singa. Da aka cire tallafin man fetur aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, kwalin kifi da na taliya suka bi sahu, domin ana sayen su da dala ne, sannan a biya kuɗin motar da za ta hauro da su daga Ikko. Mai 'yar murji ta rage girman naɗi, mai kifi ta fara raba ɗaya gida uku maimakon biyu, masu gurasa a Kano kuwa sai da suka fito zanga-zanga a farkon 2024 kan tsadar fulawa. A teburin mai shayi, wanda a da yake cewa a dafa masa biyu da ƙwai biyu ya koma ɗaya, a ƙara albasa.