Madatsun ruwa na Adar da ladan aikinsu

Ruwan Adar ba ya zama. Da zarar an yi ruwan sama mai ƙarfi, sai ya gangaro daga kan duwatsu ya cika ƙoramu, ya yi awon gaba da ƙasar gona, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ƙoramar ta koma rairayi. Gulbin Maggiya kansa, wanda ke ratsa ƙasar Buza da Madawa ya nufi Ƙwanni, da damina kaɗai yake gudu. Shi ya sa madatsun da aka gina a yankin ba na lantarki ba ne: injin samar da wuta yana bukatar ruwa mai zuba duk shekara, a nan kuwa abin da ake nema shi ne a tsayar da ruwan ya shiga ƙasa.

Tun bayan samun mulkin kai gwamnatin Nijar ta gina madatsu don noman rani, kamar ta Ibohaman a ƙasar Keita, da na Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Ƙwanni. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya don tare iska. Amma aikin da ya fi barin suna shi ne na Keita, wanda aka buɗe a 1984, shekarar da fari ya kai ga yunwa, zamanin mulkin Seyni Kunce. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar abinci ta duniya, PAM, ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi.

Wannan biya shi ne ƙashin bayan aikin. Wanda ya yini yana haƙa ko jidar dutse ana ba shi hatsi da mai, gwargwadon kwanakin da ya yi. Da yake maza sun watse cin rani zuwa Najeriya da ƙasashen gaɓar teku, mata ne suka fi yawa a fagen aiki, wasu da goyo a baya. Su ke ɗora dutse a ka, su jera shi a kan fako, su haƙa ramuka a gefen tudu inda za a sa dashe. A bakin ƙorama ana cika ragar waya da duwatsu, a ɗaure, a jera ta hawa-hawa yadda ruwa zai rage gudu ya bazu cikin gonaki. Katafila da tarakta sun yi nasu, musamman wajen fasa fako da ɗaga manyan ganuwoyi, kuma su ne suka ci kuɗi da yawa. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Kafin farkon shekarun 2000 an farfaɗo da fiye da hekta dubu 30, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gina ƙananan madatsu kimanin 40.

Inda aka samu cikas shi ne kulawa bayan an gama. Laka da rairayi suna taruwa a gindin madatsa kowace damina har cikinta ya ragu, ragar waya tana tsinkewa, yasa kuma aikin injin ne da ƙaramar hukuma ba ta da kuɗinsa. Mutanen da suka saba karɓar abinci a kan aikin gayya ba su cika fitowa gyara ba in babu shi.

Da yake waɗannan madatsu ba na lantarki ba ne, wutar da garuruwan yankin ke ƙonawa ta daɗe tana zuwa daga Najeriya ta layin kamfanin NIGELEC, sai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Madatsar da Nijar ta ɗora wa burin lantarki ita ce Kandaji, mai megawat 130, can a kan kogin Isa a jihar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008.